Ɗaurin Jaki a Ƙofar Ruwa

Tun da na dawo Damagaram ba a bar ni na huta ba. In na je majema a tambaye ni, in na zauna rumfar Habu Tela a tambaye ni, har tsofaffin da ke fitowa daga masallaci sai su tsayar da ni su ce, "Lawali, wai da gaske a kan ruwa ka riƙa kwana?" Na faɗa har muryata ta dushe, kuma kowa guntu yake ji ya tafi ya ƙara nasa. Jiya na ji ana cewa wai kada ya haɗiye mini takalmi. To ga shi daga farko, kowa ya ji iri ɗaya.

Littafi ne ya jawo komai. Wani Nasara ya kawo wa Baba shi a yi masa riga ta jar fata, kafin a gama aka yi masa canjin wurin aiki, bai dawo ba. Shafukan farko sun yage, don haka har yau ban san sunansa ba. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Baƙaƙen Faransanci a jikin gwangwanin kifi da allunan butik, wato kantuna, na koye su, sauran kuma ina tare 'yan lakwal a hanya ina tambaya. Da haka na riƙa bin littafin nan a hankali, har na gane labarin wani mutum ne da matarsa, gidansu jirgi, suna bin wasu koguna da mutane suka haƙa da hannu. A ciki suke girki, a kai suke shanya, har kare gare su. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wani hoto. Jirgi ya shiga wani ɗaki mai bango biyu da ƙofa gaba da baya, matar tana tsaye riƙe da igiya. Rubutun ya ce in an rufe ƙofar baya aka sako ruwa, sai jirgin ya ɗaga, a buɗe ta gaba ya wuce a kan tudu.

Na kai wannan labari rumfar Habu. Tun daga ranar sunana ya koma Mai-jirgin-tudu. Dariyar abokai ba ta dame ni ba kamar maganar Baba. Ya same ni na bar fatu a cikin ruwan bagaruwa ina kallon hoton, ya ce, "Ni da ruwa muka tsufa a majemar nan. Ban taɓa ganin ya hau tudu ba, balle ya goyi jirgi. Nasara ma yana ƙarya, Lawali."

Ana nan sai Kawu Gambo, ƙanen Inna, wanda ke fataucin fata zuwa yamma, ya ce ya taɓa ji a garin Gawo wai wajen Segu an tare kogi an yi wa jirage ƙofa. Na dami Baba har ya gaji. Ya ce, "Bi kawunka ka ɗaukar masa kaya. In ka gani, ka zo mini da abin da zan riƙe a hannuna, ba baki ba. In ba ka kawo ba, fatar littafin nan zan yi gidan laya da ita, takardun kuma na mai ƙosai ne, kai kuma ba ka ƙara yi mini zancen karatu."

Mun tashi da kaka, shekarar da aka samu 'yancin kai, a bayan wani kamyo, babbar mota mai ɗaukar gyada. Ba mu wuce Takeita da nisa ba ya yi fan, inji ya mutu. Shofer, wato direban, ya shige ƙarƙashi, mu kuma muka shiga gonar wani dattijo ya gasa mana ɗanyar gyada. Ya tambaye ni ina za ni, na ce zan je ganin jirgi mai hawa tudu. Ya dubi Kawu ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Daga nan na daina faɗa wa mutane.

Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Doso, duk hanya ɗaya ce mai girgiza hanji. A Yamai na fara ganin kogi. Na tsaya a bakinsa ina ta kallo. Ku da kuka san yadda mata ke kwana a layin rijiya da rani, ku yi tunanin ruwa ya taso daga unguwar Birni har ta Zango yana tafiya, ba mai tare shi, ba mai ko kallonsa. Wata mata tana wanke tukunya ɗaya da ruwan da zai ishi unguwarmu. Mun sauka gidan wani Bakano mai sayar da goro, aka ba mu dambu da zogale. Zabarmawa suna sa masa yaji kamar suna fushi da baƙo, amma na ci na ƙara.

Daga Yamai muka bi gefen kogi ta Tilaberi da Ayoru har iyaka. Kawu ya ce da can nan ba a tsayar da kowa, ƙasa duk ta Nasara ce. Yanzu an gitta itace a hanya, ga sabuwar tuta, ɗinkinta ko ƙura bai sha ba. Wani jandarma mai furfura ya zazzage jakata ya ga littafin. Ya ɗauka na siyasa ne, ya riƙa buɗawa yana hararata. Da ɗan Faransancina na nuna masa hoton. Ya ce shi tsohon soja ne, ya zauna Faransa. Na yi murna na ce to ai ya ga irin wannan.

Ya ce, "Na ga dusar ƙanƙara, na ga jirgin ƙasa a cikin rami. Jirgin ruwa a kan tudu ban gani ba."

Ya miƙo mini littafin. Sai da muka hau mota Kawu ya ce, "Ka san mai ƙosan bakin kasuwa tana son takarda mai kauri." Ban yi dariya ba. Har Gawo ban sake buɗe littafin ba.

A Gawo Kawu ya sayar da yawancin fatunsa, saura ƙunshi biyu da mai masaukinsa ya ce a Segu za su fi daraja. Muka je bakin ruwa. Kawu ya dubi jiragen, ya dubi faɗin kogin, ya ce, "Ni iyakata inda jaki ke iya tsayawa." Sai ya damƙa ni da fatun a hannun wani mai jirgi, Baba Bawa, Basarke daga wajen Yawuri. Sarkawa Hausa suke yi, sai dai irin ta yamma, in suna sauri sai ka kasa kunne.

Jirginsa na ƙarfe ne, mai faɗin ciki, a can shalan suke ce masa. Ba shi da inji. Wani ƙaramin jirgi mai inji ne ke jan irinsa uku a jere, kamar raƙuma a ayari. Tsakiya kaya ne, gishiri da tabarmi da busasshen kifi. Baya kuma rumfa ce ta tabarma, nan ne gida. Da na leƙa sai da na zauna. Ga murhu a cikin kaskon yumɓu, ga kaji a akurki, ga shanya a igiya, ga wata fasasshiyar tukunya da aka shuka albasa a ciki. Littafina ne sak, kare kawai babu. Matarsa Inna Kulu tana tsugune tana fere kifi da wata doguwar wuƙa.

Na ce, "Inna, ina ne garinku?"

Ta ce, "Kana zaune a kansa, ɗan tudu."

Haka ta kira ni har muka rabu. Na tambaye ta ina suke binne cibiya in an haihu. Ta ce duk gaɓar da ta fi kusa. 'Ya'yanta sun yi aure sun watse, ɗaya cibiyarsa tana Burem, ɗaya Dire, ɗaya kuma ta manta wurin, ta dai san akwai giginya. Na ce to in an tambaye su asalinsu fa? Ta ce, "Su ce kogi. Ya fi garinku tsawo."

Zaman jirgi sai an koya. Ranar farko na ɗebi ruwa rabin buta na yi alwala a hankali, na ajiye sauran don la'asar. Inna Kulu ta kira mijinta ya zo ya gani. Ta ɗauki butar ta juye a kogi, ta sake cikawa, ta sake juyewa, tana kallona. Wallahi sai da na miƙa hannu in tare, duk da ina ganin ruwan ta ko'ina. Salla ma da nata. Ka kabbarta kana duban gabas, kafin ka yi ruku'u kogi ya karkata kana duban inda ka fito. Na kai ƙara wurin Baba Bawa, ya ce, "Ka fara daidai, sauran na mai inji ne." Abinci shinkafa da kifi, safe da yamma. Su suna sa kifi ta gefen baki ɗaya ƙaya ta fito ta ɗayan, suna hira. Ni kuwa ƙaya ta tsaya mini a maƙogwaro tun kafin Burem, sai da Inna Kulu ta dunƙula shinkafa ta ce in haɗiye ba tauna. Na yi kewar tuwon hatsi da miyar kuka har na yi mafarkinsu.

Aiki ɗaya na iya. Duk inda za a tsaya sai an kafa turke a gaɓa an ɗaure jirgi. Na karɓi igiya na yi irin ɗaurin da Baba ya koya mini na jakinmu mai ɗaukar bagaruwa, wanda duk jakunan Birni ba mai taurin kansa. Ɗauri ne da in an ja sai ya ƙara cizawa. Baba Bawa ya gwada shi da ƙafa ya ce, "Wannan ko dorina ba ta kwance shi." Daga ranar igiya ta zama tawa, kuma na ji daɗi ƙwarai, don da ba ni da amfani sai cin shinkafa.

Na nuna masa hoton tun muna Gawo. Ya juya littafin sama da ƙasa ya ce, "A'a, ƙofar Markala ce, wa ya zana ta?" Na ce wannan ta Faransa ce. Ya ce to sun kwaikwaya. Na ce da gaske jirgi na hawa? Ya ce, "Za ka gani." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na yi ta tambaya, shi kuma abin bai fi masa tsallake kwata ba. Hankalina ya ɗan kwanta, amma sai wata damuwar ta taso. Ko na gani, me zan kai wa Baba ya riƙe? Ruwa a gora?

Mun tsaya Kabara, tashar Tambutu, ban shiga garin ba don ana sauke gishiri. Mun ratsa wani tabki da ba a ganin gaɓarsa, iska ta taso, na mayar da duk abin da na ci, Inna Kulu tana ta dakanta kamar a tsakar gida. A Moti jirage sun fi jakunan kasuwar Alhamis yawa. Akwai masu gyaran jirgi da ke ɗinke katako da igiya kamar yadda ake ɗinke ƙwarya, na tsaya kallonsu har aka kusa tafiya a bar ni. Wani abu da na lura, mutanen ruwa ba sa sallama a ƙofar gida, don ba ƙofa. In jirgi zai gifta wani sai kowa ya kau da kai daga rumfar mata, a yi gaisuwa ana duban gaba. Na ga wannan ya yi kyau.

Da hantsi muka iso Markala. Kafin a kai inda aka tare kogin, sai muka saki babban ruwa muka shiga wani miƙaƙƙe kamar an ja shi da zare. Ba wanda ya faɗa mini, na san haƙa shi aka yi. Can sai ga ta. Bango biyu dogaye, ƙofar ƙarfe baƙa a buɗe. Aka kwance mu daga mai inji, Baba Bawa ya tura mu ciki da gora. Sanyi da warin gansakuka suka buge ni, sama ta koma 'yar siririya. Aka rufe ƙofar baya.

A jikin bangon akwai zobban ƙarfe, wani sama da wani. Baba Bawa ya zura igiya a na daidai gefenmu ya miƙo mini. Ya ce, "Riƙe a hannu. In mun ɗaga ka riƙa saki, in mun kai zobe na sama ka zare ka mayar can." Ya wuce gaba da gorarsa don kada mu bugi ƙofa.

Na ji shi sarai. Amma littafin yana cikin rigata, kuma tun daga Damagaram nake jiran in buɗe hoton nan a cikin abin da aka zana. Na ce bari in ɗan ɗaure, in duba, in kwance. A wurinmu ai ba a tsayawa riƙe da igiyar dabba ga turke a kusa. Na ja igiyar ta yi gajere, na yi mata ɗaurina a turken ƙarfen da ke gefen jirgi, na ciro littafi.

Ruwa ya fara tafasa daga ƙasa. Na dubi hoto, na dubi bango, komai daidai, har tsanin ƙarfen. Ina ganin layin gansakuka yana nutsewa. Muna hawa. Ina cikin wannan daɗi na ji ƙafata ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Jirgin yana ɗagawa, amma gefen da na ɗaure yana nan inda zobe ya riƙe shi. Zoben ya riga ya nutse. Na jefar da littafin na kama ƙullin, ina, ya cije. Igiyar ta miƙe tana kuka. Tukunyar shinkafa ta zame daga murhu ta faɗa ruwa, akurki ya gangaro kaji suna ihu, allunan gishiri suka fara motsi. Na duba na ga ruwa saura kaɗan ya shigo ta gefena. Mutanen da ke saman bango suna ta magana da Bambaranci, Baba Bawa yana can gaba kaya sun tare shi.

Inna Kulu ce ta tsallako. Ta ture ni da kafaɗa ta ɗora wuƙar kifinta a kan igiyar, ko shafawa biyu ba ta yi ba ta tsinke kamar an harba bindiga. Jirgin ya yi tsalle ya koma ɗaya gefen, na faɗi zaune. Tukunyar albasa ta mirgina ta bi ta shinkafa.

Da na ɗaga kai, bangon da ya fi soro tsawo ya dawo daidai gwiwa. Ga shanu suna kiwo, ga wani mutum a kan keke yana kallonmu. Na waiwaya bayan ƙofa, ruwan da muka baro yana can ƙasa. Mun hau tudu.

Aka buɗe ƙofar gaba muka fita. Sannan Baba Bawa ya zo ya zare guntun igiyar daga turke, ƙullin ya dunƙule kamar dutse. Ya juya shi ya ce, "Ɗaurin ba shi da laifi. Jakin ne babu." Ya jefo mini.

Inna Kulu ba ta huce da wuri ba. Ta ce, "Shinkafa a sake dafawa. Albasar nan tun Gawo nake lallaɓa ta, ɗan tudu. Da ka kifar da mu, gidan wa za mu?" Na ɗauko littafin, gefensa ya jiƙe, na sake duban hoton. Matar nan da ke tsaye riƙe da igiya, tun da nake kallonta na ɗauka ta tsaya ne don a zana ta. Ashe aiki take yi.

Kafin mu kai Segu na ɓare jar fatar littafin, na ari basilla na ɗinka wa wuƙar Inna Kulu kube. Ta karɓa ta shinshina ta ce fatar garinmu ta fi mutanen garinmu hankali. Amma ranar da zan sauka ta ƙunsa mini busasshen kifi, ta cire ƙayar da hannunta.

Dawowa ba wani labari, na kai fatu, na samu motar da ta bi ta Wagadugu, na tarar da Kawu a Yamai yana jirana. Da muka iso gida na sami Baba a zaure. Bayan gaisuwa ya dubi littafin tsirara ya ce, "Wa ya riga ni?" Na ba shi labari duka, ban rage ba. Sannan na ajiye masa ƙullin a hannu.

Ya daɗe yana juya shi. Ya ce, "Wannan ɗaurina ne." Ya sa farce, ya sa haƙori, ya aika aka kawo basilla, bakinta ya lanƙwashe ƙullin bai motsa ba. Ya ajiye basillar ya ce, "Ba jaki ya ja wannan ba. Ba raƙumi ba ne kuma." Sannan ya ce in sake faɗa masa yadda ƙofofin suke. Na zana masa a ƙasa da yatsa. Ya bi layin da nasa yatsan yana gyaɗa kai, don shi ma haka yake tare ruwa daga rami zuwa rami a majema.

Ya ce, "To in jirgi ya wuce, wani ya zo daga ƙasa, ruwan da ke cikin ɗakin fa?"

Na ce, "A buɗe a sake shi ya tafi."

"Duka?"

"Duka, Baba."

"Saboda jirgi ɗaya?"

Na ce ko na mai albasa ne.

Ya miƙo mini littafin ya ce in nemi fata a cikin ragowar majema in sake yi masa riga. Ƙullin kuwa ya rataye shi a zaure, duk wanda ya musa yana iya zuwa ya gwada kwancewa, Habu Tela ya riga ya karya farce. Yanzu Baba da kansa yake ba baƙi labarin, har ya fi ni iyawa. Sai dai in ya kai wurin da jirgi ya hau tudu nan yake tsayawa. Na tambaye shi don me ba ya faɗin yadda ake sakin ruwan ya tafi. Ya ce, "A Damagaram? So kake a ce na tsufa ina ƙarya?"